Nutsewa a Kan Tabarma

Ranar wata Talata ce da kaka, shekara biyar bayan farin nan da ya ƙarar wa mutane da shanu. A Gafasa an gama yankan gero, dawa ce kaɗai ta rage a gona. Rana ta yi ja ta sauka bayan danga, kaji sun fara shiga akurki da kansu. Hansai na durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwo. Surukarta, tsohuwa Gaji, na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa tana mitar hayaƙi. Wasila kuwa, 'yar Hansai, yarinya mai shekara goma sha huɗu, an aike ta bayan gida ta kwaso shanya kafin a kira magariba.

Abu na farko ya faɗo a gefen murhu, tim. Hansai ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne ke jifan ƙadangare, ta ɗaga murya ta zage su ba tare da ta saki muciya ba. Na biyu ya faɗo kan faifan Gaji ya watsar da gyaɗar. Na uku ya daki randa. Ashe ba daga waje jifan ke zuwa ba. Daga sama yake saukowa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya gaggawa, kuma ba ya nufin ya sami kowa tukuna.

Hansai ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Ba dutse ba ne. Dunƙulen jar ƙasa ne mai ciyawa a ciki, irin wadda ake gina rumbu da ita, kuma jiƙe yake sharkaf, ruwa na bin yatsunta, alhali rabon garin da ruwan sama an fi wata guda. Ta san ƙasar nan. Duk gidan wuri ɗaya ne ke da irinta. Ta yar da ita, ta goge hannu a zani da sauri don kada tsohuwa ta lura.

"Ina yarinyar nan?" in ji Gaji, muryarta ƙasa-ƙasa.

Sai ga Wasila ta shigo, babu shanya a hannunta. Ta wuce su ba sallama, ba kallo, tana jan ƙafa kamar wadda ta yini tana tafiya. Ta shiga ɗaki, ta nemi kusurwar da ta fi duhu, ta zauna ta juya fuska ga bango. Jifan ya tsaya. Tuwon ya ƙone a tukunya, ba wadda ta tuna da shi.

A bayan gidan akwai wani tsohon rumbu tun na kakan Da'u, mijin Hansai. Rabinsa ya zube, ba a zuba masa hatsi, ba a kuma rushe sauran. Kowace kaka, kafin a ɗanɗani sabon gero, Gaji kan ɗebi mudu guda ta je ta yi sallama a gindinsa, ta zuba, ta juyo ba waiwaye. Ɓerayen wurin manya ne masu sheƙi, ba sa gudun mutum, kuma tun da aka kafa gidan ba a taɓa ganin kashinsu a rumbunan da ake ci ba. Ba a barin kyanwa ta je can, ba a ɗana tarko. Ba wanda ya taɓa faɗin dalili a fili. Yara dai kan tashi su tarar ana yi, su ma su yi.

Shi Da'u ya yi firamare a Gaya, ya sami aiki a birni, can gaba da Kano, a wani gidan binciken magani. A ƙauye malamin asibiti ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiyar magana ɓeraye yake kiwo, farare masu jan ido, ɗaruruwa, cikin kejin waya. Shi ke ba su abinci, shi ke kwashe kashinsu, shi ke riƙe su in za a yi musu allura. Likitan da yake yi wa aiki ciwon baƙin ciki yake bincike, irin wanda ke kama mutum ba zazzaɓi ba rauni, ya daina ci, ya daina wanka, duniya ta fita masa a rai. So yake ya ga abin da ke sauyawa a ƙwaƙwalwa in hakan ta faru. Da yake ba a fasa kan ɗan Adam don a leƙa, sai a sa wa ɓera baƙin cikin, a fasa nasa.

Da Da'u ya zo hutu bayan ɗaukewar damina, ya zo da tarkon waya mai kama ɓera da ransa. Likita ne ya ce yana son ɓerayen ƙauye, waɗanda suka san wahalar duniya, ya gwada su da fararen da aka haifa a keji. Kwana uku Da'u na ɗanawa a gona bai kama komai ba sai jaba ɗaya. Rana ta huɗu Gaji ta tafi suna Ajingi. Duk wanda ya ce Da'u ne kaɗai ya jawo wa gidan nan masifa, to bai ji zancen daidai ba, domin Hansai ce ta ce masa, "Kana ta wahala a jeji, ga su can a tsohon rumbu suna yawo kamar kaji." Ita ta daka ƙuli-ƙulin da aka sa a tarkon. So take mijinta ya sami shiga wajen likita. Kafin la'asar an kama goma sha biyu, don ba su san tarko ba, ba su san mutum na cuta ba. Ko sallama Da'u bai yi musu ba. Ya rufe kejin da buhu, washegari ya tafi da su.

Kwana ashirin ke nan kafin wannan Talata.

Haihuwa biyar Hansai ta yi, Wasila ce kaɗai ta tsaya. Yarinya ce mai baki, wadda in tana gida ba a jin kukan tsuntsu saboda surutunta. Yanzu ga ta a kusurwa, kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Ba zafin jiki, ba ciwon kai. In an ɗaga hannunta an saki, ya faɗi. Kitsonta ya warware bai dame ta ba. Gaji ta zauna kusa da ita tana tsokana. "Ƙawata, tashi mana. Ko wani ɗan banza ne ya yi miki laifi a dandali? Faɗa mini sunansa in je in aure shi, ya ga abin da ake kira hukunci." Ko gezau. Aka kawo mata zuma a ludayi, ta lasa sau ɗaya ta ture, ta ce, "Ruwa ne." Ba ta barci. Da rana tsaka, ɗaki ba ko aci-bal-bal, sai ta rufe ido da hannu ta ce don Allah a kashe fitilar nan, ta gaji da ita.

Kowace magariba jifan ya dawo, jiƙe, ba gaggawa. Tare da shi kuma wasu muryoyi sirara daga bayan gida, kamar mata masu yawa na kiran yaron da ya ɓata, sai dai kunne ba ya iya riƙe sunan. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke zuwa da hantsi. Kullum, daidai lokacin da inuwar danga ke isa gindin turmi, sai Wasila ta zabura, ta faɗi rigingine a kan tabarma, ta ɗaga haɓa sama. Hannu da ƙafa su shiga harbawa, farce na karta iska kamar mai neman inda za ta kama a jikin bango mai santsi, numfashi na sarƙewa, ido a waje. Iyo take yi, a busasshen ɗaki, a garin da ko kududdufi ya ƙafe. Can sai ta tsaya cak, jiki ya saki, hanci kaɗai ke sama. In Hansai ta rungumo ta sai ta ji rigar a jiƙe, ruwan sanyi ƙalau, da wani wari irin na ruwan famfo wanda ba ta taɓa jinsa ba sai a asibitin Gaya.

Abin da ya fi tsorata Hansai shi ne yadda kokawar ke gajarta. Ranar farko yarinyar ta daɗe tana harbawa har ta yaga tabarma. Rana ta biyar rabin haka. Zuwa rana ta goma sha biyu, harbi uku take yi ta saki.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, liman ya zo ya yi addu'a ya fita yana waiwaye. Hansai ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗora tukunya ta manta ba ruwa, ta je bakin danga ta tsaya tana kallon tsohon rumbun, ta dawo. Maganar tarkon na bakinta kullum, in ta dubi tsohuwa sai ta haɗiye. Ranar kasuwar Ajingi ta ba wani direba saƙo zuwa ga Da'u, ya zo ko yana cikin me.

Ya iso ranar Lahadi da yamma, da takalminsa mai igiya da agogo a hannu. Ya dubi 'yarsa ya daɗe, ya ce ai wannan ciwo ne sananne, akwai ƙwayoyinsa, jifa kuwa aikin yara ne. Hansai ta bar shi da hantsin Litinin.

Da inuwa ta isa gindin turmi, Wasila ta faɗi, ta ɗaga haɓa, ta harba sau biyu. Hansai ta ɗago kai don ta ga fuskar uban, sai ta ga ba yarinyar yake kallo ba. Hannunsa yake kallo.

"Agogo kake dubawa?" ta ce. "'Yarka na mutuwa a gabanka, Malam, kana duba agogo?"

Ya ce, "Ƙarfe goma. Ƙarfe goma muke saka su."

"Saka su a ina?"

Ya zauna a ƙasa, da wandonsa na birni. Ya ce akwai wani bokitin gilashi mai zurfi, ba inda ƙafa za ta taɓa, ba inda farce zai kama. A cika shi da ruwa a jefa ɓera. Zai yi ta iyo yana neman mafita, can ya fid da rai ya tsaya. Sai a rubuta tsawon lokacin da ya yi kafin ya saduda, a ciro shi a goge. Kowanne a kejinsa shi kaɗai, ba ya ganin ɗan'uwansa. Fitila a kansu dare da rana. A ajiye musu ruwa biyu, mai sukari da marar sukari, ranar da ɓera ya daina bambance su an san abin ya kama shi. "Da ba na nan ma, akwai mai sakawa," in ji shi. "Ba a fashi."

"Waɗanne ɓeraye ne waɗannan?"

Gaji ce a bakin ƙofa, dogare da sanda. Da'u ya sunkuyar da kai. Hansai ce ta faɗa, duka, har da ƙuli-ƙulin.

Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Shekara hamsin ina kai musu mudu, uwar mijina ta kai kafin ni. Wuni ɗaya na bar muku gida. Wuni ɗaya tak." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma malamin asibiti, cire wannan takalmin ka ari keke, ka je Kademi ka ɗauko Malam Bubayero mai cire iskoki. In ya ce gobe, ka kwana a zaurensa."

Malam Bubayero ya iso Talata bayan la'asar. Dogon tsoho ne siriri, ba ya ɗauke da komai sai Alƙur'ani a gafaka da carbi. Bai fara shiga ɗakin yarinyar ba. Ya zaga bayan gida, ya tsaya nesa kaɗan da tsohon rumbun, ya yi sallama sau uku kamar mai sallama a ƙofar manya. Ya saurara. Ya dawo ya ce, "Suna nan. Amsawa ce ba za su yi ba."

Aka shimfiɗa masa buzu kusa da Wasila. Hansai ta riƙe kan yarinyar a cinyarta, Gaji a gefe, Da'u a tsugune bakin ƙofa. Malam ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya, ba tsayawa. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya yi ta ja da baya, daga tsakiyar ɗaki zuwa dokin ƙofa. Tsakar gida ta yi tsit, har kaji. Hansai ta ji kan 'yarta na ƙara nauyi a cinyarta, yana ƙara sanyi. Sai bakin yarinyar ya buɗe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

Ba muryar Wasila ba ce, muryar wata tsohuwar mace ce, siririya, a gajiye, irin ta wadda ta daɗe tana kuka har hawaye ya ƙare.

"Wace ce ke?" in ji Malam. "Musulma ko kafira?"

"Ina salla tun kafin a haifi kakan mai gidan nan. Maƙwabtanku ne mu. Tambayi Gaji ko mun taɓa cin ƙwaya ɗaya da ba ta ba mu ba."

"To me ya haɗa ki da yarinya?"

"Ba ita na zo nema ba. Ɗana na zo nema, autana. Yaranmu kan shiga jikin ɓera su yi wasa cikin ɓerayen da muke kiwo, kamar yadda naku ke hawa kara su ce doki ne. Ya ji ƙanshin ƙuli ya shiga. Ƙarfe ya rufe a kansa, mu kuwa ba ma iya sauya jiki cikin ƙarfe. Abin da ake yi masa can shi nake ɗora mata nan, ba ragi ba ƙari. In sun jiƙa shi ta jiƙe. In sun hana shi barci ta kwana ido biyu."

"Wannan zalunci ne," in ji Malam. "Yarinya ba ta ɗana tarko ba."

"Shi nawa me ya ɗana?"

Malam ya shiga jan carbi.

Hansai ba ta san lokacin da maganar ta fito mata ba. "Baiwar Allah, ni na nuna wurin, ni na daka ƙulin. Ki sake ta ki kama ni."

Idanun Wasila suka juyo sama suka dube ta, ba na Wasila ba ne. "Ke ai na kama ki tun ranar farko. Kallo ne rabonki, kamar yadda yake nawa." Idanun suka koma wajen ƙofa. "Malam, tambayi uban abin da ake yi musu a ranar ƙarshe."

Da'u ya ce, da kyar ake jinsa, "Ana yanke kai. A cire ƙwaƙwalwa a duba."

"Yaushe?"

"Jibi. Alhamis, bayan azahar."

Gaji ta yi salati. Hansai ta ƙanƙame wuyan 'yarta da hannu biyu.

Malam ya ajiye carbi. "Saurara. Ina da ayoyin da zan karanta ki ƙone ƙurmus, kin sani."

"Na sani. In na ƙone wa zai kwance ƙullin da ke tsakaninsu?"

"To mu yi magana ta musulmi. A kawo miki ɗanki kafin rana ta faɗi ranar Alhamis. Ke kuma ki fita, ki rantse da wannan Littafi ba ke ba yarinyar nan har abada. Jifa kuma ya tsaya daga yau, an ji kiran."

"Jifa ya tsaya. Ruwa ba zai tsaya ba sai sun daina saka shi. In ya taka ƙasar gidanmu kafin rana ta faɗi, na rantse zan fita. In ta faɗi yana cikin ƙarfe, na tafi da ita in yi reno."

"Yaya zan gane shi?" in ji Da'u. "Biyu sun mutu, saura goma, kuma duk kamarsu ɗaya."

"Ba za ka gane shi ba. Ni da na haife shi ma na daina jin kiransa, kwana huɗu ke nan. Ya manta ko shi wane ne. Kawo su duka."

Bakin ya rufe. Da'u ya ce, kansa a ƙasa, "In na ɗauko su aikina ya ƙare. Wata uku likita ke kan wannan bincike. Har 'yan sanda zai iya sa mini."

"To zauna ka riƙe aikin," in ji Hansai. "Ranar Alhamis ka zo bakin kabari ka duba mana agogo."

Ya tafi da asuba.

Hantsin Laraba Wasila ba ta harba ko sau ɗaya ba. Ta dai ɗaga hanci, ta saki jiki, ruwa ya jiƙe tabarma. Hansai ta yini tana zarya tsakanin ɗaki da bakin hanya. Hantsin Alhamis ta tsaya kusa da turmi tana kallon inuwar danga na matsowa, kamar taƙi, kamar yatsa. Inuwar ta taɓa gindin turmi, ta hau, ta wuce. Tabarma a bushe. Nan ta san ya ɗauko su. Saura hanya, da motar da ke mutuwa sau uku tsakanin Gaya da Ajingi.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin ya shigo, ba hula, ƙafa duk ƙura, ya rungumi keji a cikin buhu. Aka ɗauko Wasila a tabarma aka kwantar da ita kusa da tsohon rumbun. Malam ya yi sallama. Gaji ta zuba mudun gero. Da'u ya yaye buhun, sai Hansai ta ga abin da suka koma: guda goma, ƙasusuwa a waje, gashi ya yi cibiri-cibiri, kowanne da lamba da shuɗin fenti a wutsiya. Ya zare sakata, ya buɗe ƙofar kejin daidai bakin ramin da aka kamo su, ya ja da baya.

Ba wanda ya fita.

Suna zaune, kai a ƙasa. Ƙofa a buɗe, gero a gabansu, gidansu taku ɗaya, ko kallon wurin ba su yi ba. Daga bakin Wasila muryar ta fito tana kira, wani suna da harshen mutum ba zai iya maimaitawa ba. Daga cikin rumbun wasu muryoyin suka kama. Ko kunne ɓerayen ba su motsa ba. Gindin rana ya taɓa kan dawa.

"Me kuka yi masa?" Muryar ta tsage. "Ƙofa a buɗe! Me kuka yi wa ɗana?"

"Haka suke yi," in ji Da'u, hawaye na bin gemunsa. "In sun riga sun saduda, ko an buɗe ba sa fita. Sai an jawo su da hannu." Ya durƙusa ya miƙa hannu. Da inuwar hannun ta faɗa kansu, duk goman suka sandare, suka ɗaga hanci sama.

"Ba wannan hannun ba!" in ji muryar.

Hansai ta ture shi gefe. Mace ce da ko mushen ɓera ba ta ɗauka sai da kara biyu, amma ta zura hannu har gwiwa cikin kejin ta kamo na farko. Bai cije ta ba, bai ko yi yunƙuri ba. Zuciyarsa kawai ta ji tana bugawa a tafinta. Ta ajiye shi a bakin rami. Ya tsaya, ya juya, ya ja jiki ya koma cikin keji. Ta sake ciro shi. Ya sake komawa. A karo na uku ta sa shi cikin zaninta ta ɗumama shi da jikinta, ta ajiye shi, ta tare bayansa da tafin hannu tana turawa kaɗan-kaɗan, har hancinsa ya ji ƙanshin ramin. Ya shiga.

Haka ta yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, gwiwa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarta, Malam na karatu yana satar kallon yamma. Na biyar. Na bakwai. Rabin rana ya nutse. A kan kowanne tana jira ta ji muryar ta ce shi ne, muryar ba ta ce ba. Na goma shi ya fi kowa lalacewa, ya cusa kai a kusurwar keji, ya juya wa ƙofa baya. Da ta ɗago shi sai ta ji nauyinsa ya fi girmansa, da ɗumi irin na jariri. Sau huɗu tana ajiye shi yana juyowa. Sai ta kwantar da kai kusa da ƙasa, ta sa yatsa biyu a bayansa, ta yi masa abin da ake yi wa yaro mai koyon tafiya. "Ta-ta-ta. Ta-ta-ta, ɗan baƙo. Ga Inna can." Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ya ɗaga ta biyu. Wutsiyarsa mai shuɗin fenti ta shige ramin daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.



"Na karɓa," in ji muryar, a hankali. "Amma ba yadda ya tafi ya dawo ba. Taku ma haka za ku same ta. Ni na fita, na rantse da abin da ke hannun Malam. Abin da ya rage a jikinta ba nawa ba ne, karatu ba ya cire shi. Gaji, kada ki ƙara kawo mudu. Mun tashi."

Wasila ta yi atishawa sau uku. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, sanyi nake ji," da muryarta.

Da'u bai koma birni ba, ba a kuma aiko nemansa ba. Ya ɗauki fartanya, mutane suka koma kiransa da sunansa. A wannan rani, karo na farko a tarihin gidan, ɓeraye suka huda rumbun dawa, sai da aka nemo kyanwa.

Ita kuwa Wasila ta gane kowa, tana ci in an ba ta, tana barci. Amma ba ta tashi. Ƙofar ɗaki a buɗe, ƙawayenta na kiranta daga zaure, tana zaune inda aka ajiye ta. Mata masu zuwa dubiya suka ce a bar ta ta huta, Allah zai kawo sauƙi. Hansai ba ta bar ta ba. Kowace safiya ta kama wuyan hannunta biyu ta miƙar da ita, ta ja ta zuwa bakin ƙofa. Yarinyar ta koma. Ta sake jawo ta, zuwa gindin randa, ta sa mata moɗa a hannu. Wata rana har rijiya, wata rana ko dokin ƙofa ba a tsallakewa. Wasila ta yi kuka, ta ce a ƙyale ta, har ta taɓa cewa Inna ba ta ƙaunarta. Hansai ta ce, "Na ji. Miƙo hannun." Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu.

Wata safiya da bazara akuyar Gaji ta tashi haihuwa, ɗan ya zo a gicciye. Hansai na durƙushe a garke tun fitowar rana, hannu cikin akuya, tsohuwa na tsaye a kanta tana ba da umarnin da ba a tambaye ta ba. Rana ta ɗaga ba su sani ba. Sai suka ji an ce, cikin fushi, "Inna, yau ba za ki zo ki tashe ni ba? Tun ɗazu nake jira."

Wasila ce a tsaye bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango da hannu ɗaya, ta ɓata rai.

Gaji ta buɗe baki, Hansai ta harare ta ta rufe. Duk jikinta na cewa ta tashi ta je ta rungumo yarinyar. Ba ta tashi ba. Ta mai da ido kan akuyar ta ce, "Kina gani hannuna ba sarari. Tunda kin iso nan, ƙaraso ki riƙe mini kanta."

Taku tara ne daga ƙofar zuwa garken. Wasila ta yi su.